Riruwai, Garin Kuza

Kowane gari da abin da ya yi suna da shi. In an ce Kura, sai a tuna da rini da baƙin turkuɗi. In an ce Bida, sai a tuna da tagulla da ƙarau. In an ce Argungu, sai kifi. To, akwai wani ƙaramin gari can ƙarshen ƙasar Kano ta kudu, wanda a zamanin da in an ambace shi a kasuwa ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai kuza. Sunansa Riruwai. Yau Kanawa da yawa ba su san ko ta wace hanya a ke bi a je can ba, alhali kuwa ƙarfen da mutanensa suka narka shi ne ya jawo Turawa har suka kai ga kuzar Jos. Labarin garin nan ya isa a sani, gama yana nuna yadda sana'a ta ke kafuwa a gari, da kuma yadda ta ke kuɓuce wa masu ita, ko da arzikin da ta dogara a kansa yana nan bai ƙare ba.

Inda garin ya ke

In mutum ya fita birnin Kano ya kama hanyar Zariya, zai wuce Kura, ya wuce mararrabar da ke zuwa tafkin Bagauda da madatsar ruwa ta Tiga, har ya kai Kwanar Ɗangora. A nan zai bar hanyar Zariya ya ratse hagu, ya bi ta Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, sa'an nan ya faɗa ƙasar Doguwa. Riruwai tana cikin ƙasar Doguwa ɗin nan, fiye da mil 100 daga birni, kusa da inda Jihar Kano ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi.

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke kewaye da birni, in ya iso nan sai ya yi tsammani ya fita ƙasar Kano. Duwatsu ne manya manya suka yi wa wurin ƙawanya, ga itatuwa, ga ƙoramu suna gangarowa ta ko'ina. Ruwan sama ya fi yawa a nan, damina kuma ta fi daɗewa. Babu tudun da ya kai waɗannan bisa a duk Jihar Kano. Daga wannan sashi na kudu ne Kogin Kano ya ke tasowa, ya ratsa Falgore, ya zuba cikin Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. Watau ruwan da manoman rani na Kura da Kadawa su ke shayar da shinkafa da tumatir da shi, asalinsa ruwan tuddan kudu ne.

Yadda kuza ta ke zuwa rafi

Masana duwatsu sun ce duwatsun Riruwai gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu tun fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Sa'ad da narkakken dutsen da ke cikinsa ya ke hucewa, sai ruwa mai zafi da tururi suka bi tsagogin dutse, suka bar ma'adinai iri iri a ciki, kamar yadda ruwan kanwa ya ke barin fari a jikin tukunya in ya ƙafe. Cikin waɗannan ma'adinai har da kuza.

Da a ce kuza ta tsaya cikin dutse, da mutanen da ba su sami hanyar kai wa gare ta ba, gama ba su da kayan fasa irin wannan dutse. Ruwa ne ya yi musu rabin aikin. Shekara da shekaru, rana ta gasa dutse, ruwan sama ya jiƙa shi, har samansa ya ruɓe ya zama tsakuwa da yashi. Kowace damina ƙoramu su kwaso su gangaro da su. Ita kuza ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa, ga ta kuma da nauyi. Ƙwayarta ta fi ruwa nauyi wajen sau 7, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka in ruwa ya yi gaba da yashi, sai ita ta nutse ta kwanta a gindin rafi, a lungun dutse, da inda ruwa ya ke karya kwana. Yau da gobe har ta taru ta yi kauri a ƙarƙashin tsakuwa. Shi ya sa mai neman kuza ba ya fara hawan dutse, rafi ya ke fara bi.

Yadda mutanen da su ke aikinta

Ka ga aikin kuza hawa uku ne: wanki, da narkewa, da zubi.

Wanki shi ne na fari. A kan haƙo tsakuwar gindin rafi a zuba cikin ƙwarya, mai wanki ya tsaya cikin ruwa yana jujjuya ƙwaryar a hankali, yana karkata bakinta. Ruwa ya riƙa fita da laka da farin yashi, har abin da zai rage a gindin ƙwarya sai wani baƙin yashi mai nauyi, mai ɗan walƙiya. Kuza ke nan. Wanda ya taɓa ganin mace tana rege shinkafa ko gero don ta fid da tsakuwa, ya ga asalin dabarar, sai dai a nan abin da ya nutse shi a ke so. Aikin ga sauƙi ga ido, amma in hannu bai ƙware ba, ko dai kuza ta bi ruwa, ko kuma yashi ya ƙi fita.

Na biyu narkewa. A kan gina tanderu da yumɓu, a zuba gawayi, a zuba kuza, a sake zuba gawayi. Masu zuga su zauna a baya da zuga-zugan fata, suna hura iska ba fasawa, in wani ya gaji wani ya karɓa. Gawayin nan ba zafi kaɗai ya ke bayarwa ba. Baƙin yashin da a ke gani, ƙarfe ne da wata iska ta haɗe da shi ta mai da shi kamar dutse. In wuta ta yi jawur, sai gawayi ya janye wannan iska, ƙarfen ya rabu, ya narke, ya gangaro ta wata kafa da aka bari a gindin tanderu, fari fat kamar azurfa. Gwanin tanderu shi ne wanda ya san yawan gawayin da za a sa, da ƙarfin zugar da ta kamata, gama in wuta ta yi rauni kuza ba ta sakin ƙarfenta, in kuma an yi sakaci sai rabin ƙarfen ya tafi cikin kashi.

Na uku zubi, a nan ne kuwa mutanen Riruwai suka yi wata hikima tasu. Su kan jera tsinkayen ciyawa cikin abin da aka kwaɓa mai laima, sa'an nan su zare, a bar 'yan ramuka siri siri dogaye. Sai a sake narka ƙarfen, gama shi in ya riga ya fita daga dutse ba ya da wuyar narkewa, ko a kasko ma ya narke. A ɗebo a ɗura cikin ramukan nan. In ya huce, sai a fid da shi tsinke tsinke, a ɗaure dami dami. Wannan siffa tana da amfani uku. Tana da sauƙin ɗauka ga jaki. Tana da sauƙin ƙirgawa wajen ciniki. Maƙerin da ya saya kuma yana iya karya daidai abin da ya ke bukata ya ajiye saura.

Hausawa su kan kira baƙin yashin kuza, in an narka kuma waɗansu su ce kuza, waɗansu su ce dalma, ko da ya ke dalma ta ainihi wani ƙarfe ne dabam, wanda ya fi nauyi, wanda a ke yin harsashi da shi. Ka lura kuma, aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Sai da mai haƙa, da mai wanki, da mai sarar itace, da mai toya gawayi, da mai zuga, da mai tanderu, da falken da zai ɗauka, da manomin da zai ciyar da su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sana'a guda ce, amma gari ɗungum ya ke ci a cikinta.

Kuza a kasuwa

Fatake su kan ɗauki kuzar nan su kai Kano da Zariya, su kai ƙasar Nufe, su gangara da ita har bakin Binuwai. Maƙeran fari suna neman ta ƙwarai. In an haɗa ta da jan ƙarfe sai a sami tagulla mai ƙarfi, mai kyaun zubi. A kan shafa ta a cikin tasoshin jan ƙarfe don kada su yi tsanwa su ɓata abinci. A kan yi zobba da mundaye da kayan adon doki da ita.

Akwai shaida a rubuce cewa ciniki ne daɗaɗɗe. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya sauka birnin Kano. Ya zaga kasuwa ya rubuta abubuwan da ya gani a rumfuna, ya kuwa ambaci tozali da kuza, ya ce dukansu a ƙasar a ke samun su. Wannan kusan shekara 80 ke nan kafin Turawa su ci Kano. Saboda haka in ka ji wani ya ce Turawa ne suka gano kuza a ƙasar nan, ka ce masa sun dai tarad da ita a kasuwa, sa'an nan suka bi sawunta.

Yaƙin Ningi da ƙaura

Gari mai arziki a bakin daji, nesa da ganuwar birni, ba ya rasa masu sa masa ido. Wajen 1846 waɗansu malamai na Tsakuwa a ƙasar Kano, shugabansu Malam Hamza, suka yi saɓani da masu mulki a kan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da mutanen dutse, suka kafa mulkin da ya gagari Kano da Bauchi da Zazzau. Tun daga zamanin Ɗan Maje, mayaƙan Ningi suka riƙa kawo hari kudancin Kano, su ƙone gari, su kwashi mutane da dukiya, su koma dutse. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su, aka kuma ƙarfafa garuruwan iyaka irin su Tudun Wada don su tsare hanya. Amma daji yana da faɗi, ba a iya tsare kowace kafa.

Aikin kuza kuwa ba ya yiwuwa sai da kwanciyar rai. Mai wanki a rafi ya ke yini, mai gawayi a daji ya ke kwana, falke kuma sai hanya ta yi lafiya. Da hare-hare suka yi yawa, sai masu narka kuza suka tashi daga Riruwai, suka nufi ƙasar Bauchi, suka kafa wani gari, suka sa masa sunan na da. Shi ya sa aka sami Riruwai biyu: Riruwain Kano, watau ta asali, da Riruwain Dalma. A tsofaffin takardun Turawa za ka ga sun rubuta sunan da harafin L a farko, gama haka kunnensu ya ji.

A nan akwai abin lura. Yaƙi ya tashi garin, amma bai kashe sana'ar ba. Rafi ya zauna inda ya ke, dutse ya zauna inda ya ke, amma ilmin yana cikin kawunan mutane da hannuwansu, sun kuwa tafi da abinsu. Da suka sami wani rafi mai kuza, sai suka gina tanderu suka hura wuta. Daga Riruwain Dalma ne ma suka riƙa aika mutane suna wanko kuza har gindin duwatsun Jos.

Zuwan Turawa

A cikin shekarun 1880, 'yan kasuwar Ingila da ke ciniki a bakin Binuwai suka ga fatake suna kawo tsinkayen nan na kuza. Suka saya, suka gwada, suka tarar ƙarfe ne mai kyau. Ingila kuwa a lokacin tana bukatar kuza ƙwarai, gama da ita a ke shafe bakin ƙarfe a yi gwangwanin abinci, ramukan kuzarta na ƙasar Cornwall kuma sun fara ja da baya. Sai suka shiga tambaya daga ina abin nan ya ke fitowa.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja. Cikin sharuɗɗan da aka yi, an yarda kamfanin zai riƙa samun rabin kuɗin da gwamnati za ta karɓa a kan ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Saboda haka ba wanda ya kai shi ɗokin a sami wurin kuza. A 1902, shekarar da aka ci Bauchi, kamfanin ya aiko wani masanin ma'adinai, George Nicolaus, ya bi sawun fatake har ya kai rafukan da a ke wanki. A 1903, shekarar da aka ci Kano, wani kuma mai suna Laws ya biyo baya ya kafa sansani, aikin Turawa ya fara a wajen Naraguta kusa da Jos. Ba su sha wahalar nema ba, gama tsofaffin ramukan mutanen ƙasa su ne suka nuna musu inda arziki ya ke.

Wajen 1910 labari ya game birnin London, kamfanoni suka yi ta tururuwa suna neman fili. Da fari a ka a ke ɗaukar kuza har bakin kogi. Daga baya aka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta kai Rahama a 1912, ta kai Jos da Bukuru a 1914. Ta yi aiki har 1957 sa'an nan aka rufe ta. Riruwain Kano ma, da hanya ta yi lafiya, mutane suka komo, kamfanoni suka kama fili a rafukanta.

Yadda wuta ta mutu

To, me ya sami masu tanderu? Abin da yaƙin Ningi bai iya yi ba, takarda ta yi shi. Tun 1902 aka kafa doka cewa ba mai haƙar ma'adini sai da izinin gwamnati, dokar 1916 kuma ta ƙara tabbatarwa cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Samun izini sai da kuɗi mai yawa, da awon fili, da taswira, da takardu cikin Turanci. Mutumin da kakanninsa suka yi shekara da shekaru suna wanki a rafi, sai ya wayi gari rafin yana cikin filin wani kamfani, in ya ɗebi ƙwarya guda ya zama ɓarawo. Tanderu kuwa in ba kuza, tulin yumɓu ne kawai. Cikin 'yan shekaru kaɗan wutar Riruwain Dalma ta mutu.

Su kamfanoni galibi ba su narka kuza a nan ba. Wankewa su ke yi, su ɗura a buhu, su aika Ingila a narka a can. Watau cikin hawa ukun nan da muka faɗa, na farko kaɗai aka bar wa ƙasar nan, shi ne kuwa mafi wahala, mafi ƙarancin riba. 'Ya'yan masu tanderu suka zama lebura da helumomi, ko kuwa masu wanki su kai wa mai fili ya auna ya biya su yadda ya ga dama. Sai a farkon shekarun 1960 aka gina ma'aikatar narka kuza a Makeri kusa da Jos, bayan an yi wajen shekara 50 ana fita da ita ɗanya. Rabon da Kamfanin Neja ya ke karɓa kuwa, wanda ya faɗa hannun kamfanin U.A.C., sai da Gwamnatin Nijeriya ta biya fam 1,000,000 a 1950 kafin ta fanshe shi.

Hawa da gangara

Daga nan rayuwar garuruwan kuza ta rataya a kan farashin da a ke yankewa a London. In ya hau, gari ya cika da baƙi, kasuwa ta ci. In ya faɗi, kamar yadda ya yi wajen 1930, a sallami lebura, gari ya yi tsit.

A yaƙin duniya na biyu, Japan ta kama ƙasar Malaya a farkon 1942, ita ce kuwa ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a duniya. Sai ido ya komo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane tilas daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza, abin da tsofaffi su ke kira ɗiban gwamna. Da yawa suka mutu saboda sanyin tudun Jos da cuta da ƙarancin abinci. A 1943 kuzar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan 17,000.

Bayan yaƙi wani abin mamaki ya faru. Akwai wani baƙin yashi da a ke samu tare da kuza, a da zubarwa a ke yi don yana rage mata daraja. Sunansa kolumbait. Sai aka gane in an sa shi cikin baƙin ƙarfe yana sa shi jure zafi, irin wanda injin jirgin sama ya ke bukata. A farkon shekarun 1950 Amurka ta yi ta saye da tsada, Nijeriya ta zama ita ke ba duniya mafi yawansa, har aka koma ana tone tsofaffin juji ana sake wankewa.

Da kuzar rafi ta fara ƙaranci, sai aka juya ga dutsen kansa. A Riruwai akwai wata jijiyar ma'adini da ta miƙe daga gabas zuwa yamma wajen mil 3, tana ɗauke da kuza da tutiya, watau ƙarfen da a ke shafa wa kwanon rufi. A cikin shekarun 1970 aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse don a ci wannan jijiya, da hannun Hukumar Ma'adinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1972. Aka kawo injuna, aka gina gidajen ma'aikata, mutane suka sa rai. Amma zamanin ya zama na man fetur, hankalin gwamnati ya koma can. A watan Oktoba na 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta karye, farashi ya faɗi wajen rabi. Cikin shekarun nan na 1980 aikin ramin Riruwai ya tsaya.

Misali daga wata ƙasa

Don a gane abin da Riruwai ta rasa, bari mu dubi waɗansu ƙauyuka a Sikotland, arewacin ƙasar Birtaniya. A can akwai wani kogi mai suna Spey, a bakinsa da bakin rassansa akwai ƙananan garuruwa irin su Aberlour da Rothes, waɗanda sana'arsu ita ce dafa wata giya mai ƙarfi da a ke kira wiski, da sha'ir da ruwan ƙoramu. Giya haramun ce ga Musulmi, ba kuwa ita ce abin koyi a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda doka ta yi da masu sana'ar.

A da manoman wurin a ɓoye su ke dafawa cikin duwatsu, suna wasan ɓuya da masu karɓar haraji. A 1823 gwamnati ta sake shawara, ta rage haraji, ta sa kuɗin lasin fam 10, abin da manomi mai ɗan hali zai iya biya. A 1824 wani manomi, George Smith, ya yanki lasin a kwarin Glenlivet, waɗansu suka bi bayansa. Sana'ar ta fito fili a hannun 'yan ƙasa. Daga baya aka yi doka cewa ba a kiran abin da sunan Sikotland sai an dafa shi a can, an kuma ajiye shi cikin gangar itace a can aƙalla shekara 3. Yau manyan kamfanoni, waɗansu ma na ƙasashen waje, su ke da yawancin wuraren dafawar, amma ba su da ikon ɗauke aikin su kai wani wuri. Aiki yana ƙauye, albashi yana ƙauye, sunan ƙauye kuma yana jikin kaya duk inda aka kai shi a duniya.

Ka ga bambancin. Wuraren biyu duka ruwa ne ya kafa sana'arsu, duka biyu kuma doka ta zo ta same su suna aikinsu. A can doka ta buɗe ƙofa daidai tsawon mai gida, ta kuma ɗaure aikin a inda aka haife shi. A nan ta sa ƙofar inda mai gida ba ya kai wa, ta bar ɗanyen kaya ya fita. Kuzar Riruwai ta shiga gwangwanin madara da na kifi ta komo kasuwar Kurmi, ba wanda ya san daga ina ta fito.

Abin da ya rage

Har yanzu akwai kuza a Riruwai, har yanzu kuma akwai masu haƙa da wanki da hannu, suna sayar wa dillalai. Duniya ba ta daina bukatarta ba, gama da ita a ke liƙa wayoyin da ke cikin rediyo da kwamfuta da wayar hannu. Bisa tsarin mulkin Nijeriya ma'adinai na hannun Gwamnatin Tarayya, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta ba ƙananan mahaƙa damar su haɗu su yi ƙungiya su nemi izini da sunansu. Wannan ita ce ƙofar da kakanninsu ba su samu ba, ba ta kuwa buɗuwa sai ga wanda ya iya karanta takarda ya san abin da ya sa wa hannu. Ya kamata kuma a tuna rafin da a ke wanki a ciki shi ne wanda mutane da dabbobi su ke sha, ramin da aka bari a buɗe kuma tarko ne ga yaro da saniya. Wanda ya ga kududdufan da kamfanoni suka bari a ƙasar Jos ya san abin da a ke nufi.

Akwai kuma wani aiki da ke jiran waɗanda suka koyi karatu da rubutu. Yawancin abin da aka sani game da tanderun Riruwai, baƙi ne suka rubuta shi, da harshensu, don bukatar kansu. Amma a ƙasar Doguwa da Tudun Wada akwai tsofaffin da suka yi aikin kamfani, akwai waɗanda suka ji labarin ɗiban gwamna daga bakin iyayensu, akwai masu sanin sunan kowane rafi da inda tsohon gari ya ke. Kai da ka iya riƙe alƙalami, ka sami ɗaya daga cikinsu ka zauna, ka tambaye shi, ka rubuta da sunan wuri da shekara. In ka ga tulin kashin ƙarfe ko gutsuren tanderu a gona, kada ka bari a watsar, ka sanar da dagaci. Mutanen da sun ɗauki ilminsu a ka daga Riruwain Kano har Riruwain Dalma, bai zube ba sai da aka hana hannu aiki. Abin da ya saura daga cikinsa, takarda ce kaɗai za ta iya riƙe shi.